Hoto a Kan Gada

"Awa huɗu gare ka, kada ka makara," in ji ma'aikaciyar filin jirgi, ta miƙa wa wani malami fasfonsa.

Malamin ya fita ya tari tasi. Ba abin da yake son gani a garin sai tsohuwar gadar da ke kan kogi.

Shekara uku da suka wuce jirginsu ya yada zango a nan, shi da matarsa. Ta hango gadar ta taga, ta yi ta roƙonsa su fita su ɗauki hoto.

"Ke da ba a taɓa yi miki hoto idonki a buɗe ba?" ya ce yana dariya. "Zauna, kada jirgi ya bar mu. Idan za mu dawo sai mu je."

Asibiti za su a lokacin. Shi kaɗai ya dawo.

Yau ga shi a kan gadar da rana tsaka, ba kowa sai wani tsoho mai ɗaukar hoto. Ya ce wa tsohon ya ɗauke shi, ya jingina da ƙarfen gadar, hannunsa a aljihu.

"Matsa dama kaɗan," in ji tsohon.

Ya matsa. Sai ya ji kafaɗarsa ta hagu ta ɗauki sanyi.

Tsohon ya ɗauka, ya duba, ya girgiza kai.

"Sai mun sake, Malam."

"Na motsa ne?"

"A'a, kai ka fito lafiya lau. Uwargida ce ta rufe ido."