Sakaran da Ya Kushe Zango na Biyu

Tela ya zo shagon magani da maganar aure a bakinsa, sai ya tarar da masoyiyarsa tana huci, waya a hannu.

"Ji wani sakarai! Wai zango na biyu na shirin jirgin da ya ɓace a sararin samaniya shirme ne. Sati uku muna faɗa da shi a intanet."

Tela kuwa shi ne sakaran, da sunan boge. Ya kalli ƙofa, ya kalli takalmansa.

"Ni ne," ya ce da ƙyar. "Na rasa ki ke nan?"

Ta juyo masa da fuskar wayar.

"Malam, keken ɗinkinka ne fa a hoton shafin, tuni na gane ka. Sai mun sake kallon zangon tare kafin ka turo manya."