Miyar Tara ga Maris

"Mun gano shi, Mama," in ji ma'aikaciyar kotu. "Kamfanin kai abinci ya miƙa wa hukuma bayanansa. Yana birnin Busan, shi kaɗai yake zaune."

Shekara shida tsohon mijina bai aiko wa 'yarmu kuɗi ko won ɗaya ba. Na fizgi takardar jerin abincin da yake saya ina huci. Taliya, taliya, kullum kwano ɗaya. Sai tara ga Maris, kowace shekara, ya sayi miyar ganyen teku da muke sha ranar haihuwa, kwano biyu.

Ranar na haifi 'yarmu.

"A tare albashinsa?" in ji ma'aikaciyar.

"A tare," na ce. "Ɗan banza kawai."

Na ninke takardar a hankali. Ni ma ranar kwano uku nake zubawa, alhali mu biyu ne a gida.