Dawar Kwana Ashirin

Tun da aka kafa Dokar Shaida, ƙarya ta mutu murus a fagen kimiyya. Yanzu ba a yi wa mai bincike ƙarin girma sai wani masani ya gwada abin a jikinsa, ya rubuto da hannunsa.

Dakta Lantana ta samar da dawa mai nuna cikin kwana ashirin. Ta aika wa abokin karatunta Dakta Ilu buhuna biyu da wasiƙa: "Malam, shekara goma sha biyu ina jiran zama farfesa. Ka ci, ko don zumunci."

Ran Laraba amsa ta iso: "Hajiya, wata biyu ina cin tuwon dawarki. Ban mutu ba, har tumbi na ajiye. Na sa hannu."

Aka rangaɗa guɗa, aka yanka rago. Da la'asar Ilu ya iso walima.

"Ya ka ji yajin nan?" in ji sabuwar farfesa. "Da kaina na daka!"

"Sai ke, Farfesa!" ya ce yana dariya.

Ya ƙara barbaɗawa, ya tauna a hankali. Tun mako na uku harshensa ya daina jin ɗanɗanon komai.