Kuɗin Cibiya

Tun da ka ce gobe za ka fara bin dillalai neman gida, zauna tukuna, malam, in ba ka misali ɗaya. Ba don in karya maka gwiwa ba ne, ni dai idona ya ga abin da ya ishe shi.

Wani mai walda ne mahaifinsa ya rasu ya bar gida ɗaya da magada rututu. Gida bai rabuwa, sai aka sayar, kowa ya karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ya ɗauki tsohuwarsa suka shiga yawon gidajen haya, bana nan, baɗi can. Tsohuwar nan ba ta taɓa roƙonsa zane ko nama ba. Magana ɗaya ce a bakinta har idonta ya fara dushewa: a mayar da ita ɗakinta mai kallon rijiya, ta cika a can. Shi kuwa ya sa abin a ransa. Shekara da shekaru yana shan wutar walda a ido, yana zubin adashi, yana hana kansa ɗinkin sallah, har ranar da ya ji gidan ya sake shiga kasuwa. Gidan kuma, in gaya maka gaskiya, ba abin kallo ba ne. Ginin ƙasa ne, katanga ta zube gefe ɗaya, gara ta ci azara. Dillalin da ke riƙe da shi ya gaji da kai mutane, ko tayawa babu wanda ya yi. Abin da mai walda ya tara ya isa ya saya har ya yi yaɓe.

Ya je wa dillalin kamar baƙo, da niyyar ya yi ta kushe gidan yadda kowane mai saye ke yi. A zaure ya daure. A tsakar gida ma ya daure, har ya leƙa rijiya ya ce ai wannan ta ƙafe. Amma da suka zagaya bayan ɗakin tsohuwa, ya ga ɗan dutsen da ya sani tun yana rarrafe, sai hawaye ya ci amanarsa, baki ya biyo baya. Ya ce, "Nan aka binne cibiyata." Dillali ya yi salati, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ashe gida ne ya kira mai shi. Har da ɗan share ido. Ni na san irin wannan share idon, lissafi ake yi a bayansa.

Daga ranar kuɗin gida suka yi ƙafa. Mai walda ya taya, a ce albarka. Ya ƙara, a ce mai gida ya ce a ɗan matsa. Ya nemi ganin mai gidan, a ce ba ya gari. Ya haɗo abin da aka yanka masa jiya, a ce ai da safe wani Alhaji ya zo ya ɗora, Alhajin da har yau ba wanda ya ga ko hularsa. Sai ga wasu dillalan sun ɓullo kamar ƙuda ya ji mangwaro, wannan shi ya fara jin labari, wancan shi ya san ƙanin mai gida, kowa da la'adarsa. Abokan sana'a suka ce ya ja baya ya yi kamar ya haƙura, farashi zai faɗo da kansa. Ina! Kullum ya koma, tsohuwa na tambaya daga kan tabarma, "An sallama?" Dillali kuwa ya san da tsohuwar, ya san yadda jikin nata yake, don wannan ma mai walda ne ya faɗa masa da bakinsa, wai ko a tausaya. Mai walda ya sayar da babur. Ya sayar da janareto. A ƙarshe ya ɗauki injin waldar da yake ci da shi ya kai kasuwa, ya damƙa wa dillali kuɗin, sannan aka ce an sallama. Kafin a tara shaidu a sa hannu, tsohuwa ta yi tata sallamar a ɗakin haya, tana kallon bangon wani.

Ya tare da iyalinsa ba inji, ba jari, ba na yaɓe. Damina ta farko ta zubar da ɗakin mai kallon rijiya. Yara na kukan yunwa, gida kuwa ba a dafa shi a ci. Dole ta sa ya koma wurin dillalin nan ya ce a nemo mai saye, ko ya samu ya fanshi injinsa. Dillali ya zagaya gidan yana taɓe baki, yana ƙwanƙwasa azara, ya faɗi kuɗin da ko rabin abin da aka biya bai kai ba. Mai walda ya ce, "Haba Alhaji, ba kai ka sayar mini ba?" Dillali ya ce, "Ni ne. Amma kai ba gida ka saya ba, cibiya ka saya. Ita kuwa duk faɗin garin nan ba mai taya ta sai kai."

Haka ya sayar. Kwanakin baya na gan shi yana walda a shagon wani, ana biyansa na yini, ya koma haya a bayan gari. An ce ko ta layin gidan ba ya bi. Abin ya ƙona mini rai, har yau in na tuna sai in ji tuwo ya fita kaina. To, gobe in ka shiga gidan da ya kwanta maka, ka ɗaga kai ka dubi rufi, ka yi tsaki, ka haɗiye sauran. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce baki shi ke yanka wuya.