Gidan Mai Alƙalami

"Ba zan rubuta ba, Kawu."

Na ajiye alƙalamin a gaban Kawu Dalhatu, shugaban dillalan lebura na Magaria. Su shida suka haɗa kai suna tara wa kumandan, Baturen mulki, maza don aikin hanya. Ni ke rubuta musu sunaye da Faransanci, don ni kaɗai na yi lakwal, makarantar boko, a danginmu.

"Gimbiya, don Allah, ƴata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Maza ashirin na rubuta bara. Nawa suka dawo?"

Na fita ina taƙama.

A gida Inna ta daina yi min magana, na jure. A bakin rijiya mata na nuna ni suna cewa ga jaruma. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Su Kawu suka ɗauki wani marubucin. Ranar kasuwa aka karanta sunaye, na uku Yero ne, yayana, ga matarsa da tsohon ciki.

Na ruga wurin Kawu. Bai ɗago ba.

"Dokar ƙungiya ce, mun rantse ba ma faɗa," ya ce. "Gidan mai alƙalami ba a taɓa shi. Kina tsammanin kyawun rubutunki ya sa na kawo ki?"

Bana ma maza ashirin ɗin dai aka tafi da su. Ban ceci kowa ba, suna ɗaya kawai na canja. Yero bai dawo ba.

Ban sake riƙe musu alƙalami ba. Har yau kuma ban iya haɗa ido da uwar ɗansa.