Agogon da Ya Ƙi Mutuwa

Tun da hukuma ta karɓe lokaci, lasifika kaɗai ke faɗin ƙarfe nawa. Tsofaffin agogunan zinare kuwa, sai an kashe su ake gwanjonsu. Baba Jatau ya tara matattu da dama, amma wanda ya ɗaura yau da ransa.

A ƙofar kasuwa jami'i ya damƙe hannunsa, ya kara agogon a kunne.

"Baba, wannan yana tafiya. Cire shi!"

Lasifika ta ce tsakar rana ce, a ci gaba da aiki. Jatau ya dubi agogon, ya dubi doguwar inuwarsa.

"Jama'a, la'asar ta yi!" Ya miƙa hannu. "Ungo, yaro. Saura inuwar, zo ka cire."

'Yan dako suka fara sauke kaya.