Abin da Bangon Inna Ya Riƙe

Tun da aka ƙera na'urar da ke jiyo muryoyin da suka maƙale a jikin laka, aka hana rushe gidajen ƙasa. Siminti ba ya riƙe komai. Shi ya sa gidanmu na Rafin Kanya, wanda kakana ya gina da tubali da azara, yake tsaye har yau.

Na je ranar Laraba. Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunya. "Wancan" take cewa har ta rasu.

Hansatu mai kula da gidan ta ce, "Baba, ka sani fa, abin da aka saurara sau ɗaya ya goge ke nan."

Na ce, "'Yata, ni ma saura kaɗan in goge. Kunna."

Ta kafa na'urar a bangon ɗakin Inna, inda shatin yatsunta yake a jikin yaɓe. Muka ji tari, muka ji kukan kaza. Can sai muryarta ƙasa-ƙasa, ita kaɗai tana shafa laka: "Zubairu. Zubairuna."

Hansatu ta ce, "Ya tafi, Baba."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Shekara tamanin sunana yana hanya, yau ya iso."